Kiwo Cikin Dusar Ƙanƙara

Hauwa, ke ce babba, ke kuma kika fi riƙe abin a rai, don haka da ke zan fara, amma Faruƙu da Amina su ma su karanta. Kun taso kuna jin ana cewa akwai shekarar da mahaifinku ya ajiye ku a gidan Kawu Kabiru a Birmingham ya tafi bin shanun wani Bature. Gaskiya ne, ba wanda ya yi mini ƙage. Sai dai ba a taɓa gaya muku abin da na gani a can ba, ni ma ban taɓa zama na faɗa ba, domin duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji kamar wanke kaina nake son yi. Yanzu na tsufa, wannan ya daina damuna.

A lokacin muna unguwar Longsight a Manchester, a wani flat da ke saman shagon mahauci, inda bas ɗin Stockport Road ke girgiza mana tagogi. Ina aiki a uni, wato jami'a, ina bincike kan abincin shanu. Ba da gangan na zaɓi fannin nan ba, gida na baro da shi. Kakanku Baffa yana da garke a wani ƙauye kudu da Kano, kuma abin da na fi tunawa da yarintata shi ne ƙarshen rani, lokacin da harawar da aka jibge a kan bishiya ta ƙare, karan dawa ya ƙare, saniya ta kwanta ta kasa tashi sai mutum huɗu sun kama ta, biyu a ƙaho biyu a wutsiya. Na sha ganin Baffa yana zaga garke da safe yana duba wadda za ta kai damina da wadda ba za ta kai ba. Ranar ba ya cin abinci.

Aikin bincike ne ya kai ni gonar Jef, wani dattijo mai shanu sittin da 'yan kai a kan tsaunukan da ke gabas da Manchester. Daga gida sai na hau jirgin ƙasa, in sauka, in taka kusan rabin awa ina hawa. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana ƙasar waje, shi kaɗai yake fama. Ranar da na fara zuwa, a tsakiyar sanyi, ya kai ni bayan rumfar shanu ya farke wata baƙar leda da aka naɗe dunƙulen ciyawa mai girman ɗan ƙaramin ɗaki da ita, sai wani ƙamshi mai tsami ya bugo ni, kamar na gasarar koko da ta kwana. Suna ce masa silej. Ciyawa ce da aka yanka tana ɗanya a lokacin ɗumi, aka matse ta, aka hana ta iska, ta tsimu da kanta ta zauna wata shida ba ta ruɓe ba. Na karanta wannan a littafi tun ina Zariya, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa cusa hannu a ciki ba. Na ciro tafi guda, tana da laushi da danshi, na tsaya ina kallonta har Jef ya tambaye ni ko lafiya. Na kasa gaya masa cewa Baffa nake tunani. Damina ce aka ɗaure a leda aka ajiye wa ranar yunwa.

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne ciyawar ƙasar kanta. Mu a wurinmu zafi da ƙishirwa ke kashe ciyawa. Su kuwa tasu sanyi-sanyi take so, zafi ne ke gajiyar da ita. Sai ka ga fili shar a watan da ruwan famfo ke daskarewa, ta dai tsaya da girma, amma ba ta mutu ba, jira take. Yunwar shanunsu ba a rani take ba, a sanyi take. Ciwo ɗaya ne da na gida, an juya shi ne kawai. Na sha tsayawa a bakin shingen dutse in ce Subhanallahi, kowace ƙasa da irin jarrabawarta da irin arzikinta.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ƙi ɗaukewa duk lokacin ɗumi. Aka yanka ciyawa a makare, a jiƙe, silej ɗin bai yi kyau ba, bai kuma yi yawa ba. Tun kafin haka na lallashi Jef ya ba ni fili ɗaya mu shuka kel, wani ganye ɗan'uwan kabeji mai tsayi har ƙugu, wanda sanyi ba ya kashewa, shanu su ci shi a tsaye a gona. Bai so ba. Ya ce ubansa bai taɓa shuka shi a tudun nan ba. Na yi ta kawo masa hujja har ya yarda, ya rage sayen wani abincin saboda ya dogara da maganata. Kel ya fito ya yi kyau. Sai kuma aka kira mu a uni aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an yanke funding, wato kuɗin bincike, aikinmu zai tsaya a ƙarshen kaka. A makon nan kuma council, ƙaramar hukumar garin, ta rufe cibiyar kula da yara inda mahaifiyarku Rabi ke aiki. Shekarun ke nan da kowa a Longsight yake da labarin wani abu da aka rufe, ko laburare, ko ofis, ko wurin wasan yara.

Yayan Rabi, Kawu Kabiru, akanta ne a Birmingham, yana da hannu a wani kamfanin rarraba naman halal. Ya zo har gida ranar Asabar, ya zauna a kan kujerar nan mai lotsawa, ya ce ya samo mini aikin duba ingancin nama, a ofis mai ɗumi, za a fara farkon Disamba.

"Dakta, ba roƙo na zo yi ba," in ji shi. "Na riga na ba da sunanka. Ku tattaro ku zo, ku zauna a wurina kafin ku sami naku."

Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi niyyar tafiya. Kwana tara bayan nan Jef ya zame a kan simintin rumfa ya karye a ƙugu. Na je duba shi a asibiti. Mutumin da na sani da faɗa da tsawa ya koma ɗan ƙarami a kan gado. Ya ce maƙwabcinsa zai riƙa leƙa shanun na mako biyu, daga nan sai dai a kira masu mota a kai su mayanka, domin ba mai sayen shanun kiwo a shekarar da kowa ke kukan abinci.

"Kel ɗin naka fa?" na tambaye shi.

"Naka dai," ya ce. "Ni ban san yadda ake ciyar da shi ba, Sani. Kai ka sani."

Bai roƙe ni komai ba. Da ya roƙa, wataƙila da na iya cewa a'a. Na dawo gida na tarar Rabi tana naɗe kwanuka da jarida tana jerawa a kwali. Na tsaya a bakin kicin na gaya mata abin da ke raina, cewa zan tsaya in kula da shanun Jef. Ba ta ɗago ba sai da ta gama naɗe kwanon da ke hannunta.

"Malam, shanun nan naka ne?"

Na ce a'a.

"Mutumin nan ɗan'uwanka ne?"

Na ce a'a, amma da bakina na sa ya shuka abin da bai sani ba, kuma saboda ni ya rage tanadinsa.

"Mu kuma da bakin wa muka baro Kano?" ta ce. "Hauwa na da jarrabawa bana. Sabuwar makaranta, sabon gari, kai kuma kana kan dutse."

Na ce wata huɗu ne kawai. Ta ce aikin Yaya ba zai jira wata huɗu ba, kuma ta yi gaskiya. Ke Hauwa kina zaune a matakala kina jin mu. Da na fito kika ce mini da Turancinki na 'yan Manchester, wai me za ki ce wa ƙawayenki, babanki dakta ne ko makiyayi? Na ce ki ce duka biyun. Ba ki yi dariya ba. Na raka ku Birmingham, na sauke kwalaye a ɗakuna biyun da Kawu ya ware muku, ya karɓe ni a tsaye, bai ce in zauna ba. Washegari na koma tudu da jaka ɗaya da takalmin roba.

Yanzu bari in gaya muku yadda aikin yake, don ku san inda kwanakin suka tafi. Ina kwana a wani ɗan ɗaki kusa da kicin ɗin Jef. In na yi sallar asuba sai in ba shanu karan sha'ir da ɗan silej tukuna, domin kel shi kaɗai yana ɓata musu jini, sai da busasshen abu a ciki. Ba na sakin su gona sai rana ta ɗan taso raɓar da ta daskare a ganyen ta narke, don daskararren ganye yana kumbura musu ciki. Sannan in je in matsar da waya. Waya ce guda ɗaya siririya mai lantarki, a kan 'yan sanduna, ita ce iyaka tsakanin shanu da gonar. Kullum in matsar da ita taku biyu, ba ƙari. Shanu sittin su jeru a layi ɗaya kamar sahun salla, kawuna a ƙasa, suna cin rabon yau, rabon gobe yana gabansu da taku ɗaya ba sa taɓawa. Numfashinsu yana tashi kamar hayaƙi, ba ka jin komai sai ƙarar karyewar ganye. Na auna gonar da ƙafata na raba ta da kwanakin sanyi, kowace safiya ina ganin lokaci yana tafiya a ƙasa, taku biyu-biyu. Ni da na yi shekaru ina auna ciyawa a kwalba a ɗakin bincike, sai a nan na fahimci abin da nake aunawa.

Jef ya dawo daga asibiti da sanduna biyu, ya kafa kujera a bakin taga yana kallona yana gyara mini kuskure ta gilashi. Ya koya mini tuƙa tarakta da ihu. Ni kuma na koya masa cin tuwon semo da miyar kuka da Rabi ta cusa mini a jaka. Duk Juma'a biyu nakan sauko in yi salla a Longsight in wuce Birmingham in kwana ɗaya. Amina takan toshe hanci ta ce ina warin silej. Rabi takan karɓi kayana ta wanke, ta ba ni abinci, ta ba ni labarin makarantarku kamar mai karanta sanarwa. A zuwana na uku ne ta gaya mini an ba wani mutum aikin da Kawu ya samo mini.

Lissafina ya tafi daidai har farkon Maris. Kel ya kusa ƙarewa, silej ya rage dunƙule kaɗan, amma lokacin ne ciyawa ke farkawa, mun kuma yi odar mota guda ta ingirici, wato busasshiyar ciyawa, don cike giɓi. Sai sanyi ya juyo. Iska ta taso daga gabas da dusar ƙanƙara, ta yi kwana biyu tana zuba a kwance, ba daga sama ba. Da ta lafa na buɗe ƙofa na ga duniyar da ban sani ba. Shingayen dutse sun ɓace. Hanyar da ke hawowa gonar ta cike har saman kaina, ta yi tudu mai lanƙwasa kamar an sassaƙa shi. Ragowar kel yana ƙarƙashi, ban ma san ta ina zan tona ba. Ba motsi, ba tsuntsu, hasken kuma har yana sa hawaye. Tsoro ya kama ni, amma wallahi tare da tsoron akwai wani abu, na ji ƙanƙantata a gaban ikon Allah yadda ban taɓa ji ba ko a sallar idi. Mai motar ingirici ya bugo waya ya ce ba zai iya hawowa ba sai an share hanya, masu sharewa kuma sun ce manyan tituna tukuna, motocinsu sun yi kaɗan bana.

Na tara shanun a rumfa na raba abin da ya rage gida biyar. A rana ta uku suka fara kuka, irin kukan nan mai tsawo da na sani tun ina yaro. Akwai masu ciki da yawa a cikinsu. Na tsaya a ƙofar rumfa ina duban kwarin da ke ƙasan gidan, sai idona ya sauka a kan abu ɗaya tilo da yake kore a duk faɗin wurin: wasu bishiyoyi masu duhun ganye, holi, wanda Turawa ke ƙawata gida da shi lokacin Kirsimeti, ganyensa duk ƙaya. A gida in rani ya yi tsanani Baffa yakan hau gawo ko marke da gatari ya sassaro rassa, shanu na jira a ƙasa. Na ɗauki tsani da zarto na gangara, ƙanƙara har cinya. Ganyen ƙasa ƙaya ce zalla, na ce wannan ba dabbar da za ta ci. Amma da na hau sama, inda bakin dabba ba ya kaiwa, sai na tarar ganyen sumul yake, ba ƙaya ko ɗaya. Na shafa shi da yatsa na sake shafawa. Bishiya ta san inda ake cizonta, ta yi makami a nan, ta bar sama a sake. Na zauna a kan reshe, hannuwana sun mutu da sanyi, ina ta tasbihi ni kaɗai.

Na ɗaure rassan da igiya na jawo su zuwa gida. Kafin in zuba wa shanu na kai wa Jef reshe ɗaya, domin ban san ko yana da dafi ba, littattafaina ba su taɓa ambatonsa ba. Ya karɓa ya juya shi a hannu.

"Wa ya gaya maka wannan?"

Na ce babana, a bishiyar da ba wannan ba.

"Kakana ya yi haka," ya ce a hankali. "Ina ƙarami ƙwarai. Na sama ake yanka, a bar shi ya kwana ya yi laushi. Don haka aka shuka su a kwarin nan, ashe. Shekara saba'in ina wuce su, na ɗauka itatuwa ne kawai."

Sai ya juya fuska wajen taga, ni ma na fita na ba shi wuri. Washegari na zuba rassan a gaban shanu. Wata tsohuwar saniya mai farin goshi ta sansana, ta ja baya, ta dawo, ta naɗe ganyen da harshe. Sauran suka biyo ta. Kwana huɗu ina hawa ina sauka, ina haɗa musu da ɗan karan sha'ir da ragowar silej. Ba ƙoshi suke yi ba, amma kukan ya ragu, suna tuƙa. A rana ta biyar da fara sarar holi muka ji ƙarar injin daga ƙasa, maƙwabta sun haɗu da taraktocinsu sun huda hanya, motar ingirici na biye da su. Saniya ɗaya muka rasa, wadda ta yi ɓari ta kasa tashi. Na zauna kusa da ita har ta cika, kuma ranar ban iya cin abinci ba.

Ciyawa ba ta farka ba sai ƙarshen Afrilu. Ɗan Jef ya dawo ya karɓi gonar, aikina ya ƙare. Na roƙi Rabi ta zo da ku ranar da za a saki shanu a sabuwar ciyawa. Ta ce kuna da karatu. Na sake roƙo, sai ta zo ita kaɗai, da doguwar riga da takalmin da bai dace da taɓo ba, ta tsaya nesa da shinge ta harɗe hannu. Na buɗe ƙofar rumfa. Shanun suka fito da ɗari-ɗari, suna ƙifta ido, ƙasusuwan ƙugunsu a waje. Ta gaba ta taka ciyawa ta tsaya. Sai kawai ta sunkuyar da kai ta watsa ƙafafun baya sama. Nan take garken duka ya ɓarke, manyan shanu masu nauyin mota suna tsalle suna karo suna zagaye fili da wutsiya a sama, 'yan maruƙan da aka haifa cikin ƙanƙara suna bin su ba su san dalili ba. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Jef yana buga sandarsa a dutse yana ihu. Na juya na ga Rabi ta matso har jikin shinge, ta kama shi da hannu biyu, tana dariya irin wadda ban ji ba tun muna Kano, hawaye na zuba ba ta share ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don ku kuka zauna a cikinsa. Shekara ɗaya da rabi a ɗakuna biyu. Ni ina ɗaukar kwalaye a wani sito kafin in sami aikin ba manoma shawara. Kawu Kabiru ya yi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ke Hauwa kin ci jarrabawarki ba tare da na taɓa zama na duba miki littafi ko sau ɗaya ba, wannan kuma ba abin da zai mayar da shi.

A ranar dai, da shanun suka gaji suka sunkuya kiwo, na raka mahaifiyarku tashar jirgi. Muna gangarowa tana tsallake taɓo tana riƙe da gefen rigarta. Sai da muka hango tashar ta tsaya ta dube ni.

"Na gani, Malam," ta ce. "Ban huce ba tukuna, kada ka ɗauka na huce. Amma na gani."

Sannan ta miƙo mini jakarta in riƙe mata, muka ƙarasa.